Jan Wuta a Motar Auta

Ruwan sama ne ya kashe motar Auta. Sauran ɓarnar kuwa yayyenta maza biyu ne suka yi mata, kowannensu yana ganin aikinsa yake yi.

Motar ƙaramar bas ce fara. Da ita Auta take kwasar yaran mutane ta kai su makaranta da safe, ta dawo da su in an tashi. Tun da ciwon baya ya kwantar da mijinta, wannan motar ce take riƙe da gidan, daga abinci har magani. Robar da ke kewaye da gilashin gaba ta tsufa ta tsage, ruwa ya riƙa ɗiga ta ciki. Da a kan kujera yake ɗiga da an gani. Sai ya bi ta bayan dashbod, inda ƙwaƙwalwar motar take, ƙaramin akwatin ƙarfen nan da yake ba inji umarnin mai da wuta. Ranar da aka ba da hutu, Auta ta sauke yaron ƙarshe a ƙofar gidansu, motar ta yi tari ta mutu. Da igiya aka jawo ta garejin yayyenta.

Garejin fili ne mai faɗi, ƙasarsa ta rine da baƙin mai, da rumfar kwano ɗaya a gefe. Rumfar ta Babban Yaya ce, bakaniken inji, wanda ya fara kafa wurin. Ƙanensa, da kowa yake kira Mai Wayarin, yana da ɗan shagon katako a ɗaya kusurwar, inda yake kulle kwamfutarsa da wayoyinsa. A kwano ɗaya suke cin abinci, kuma ba wanda ya taɓa jin kansu. Amma tun ranar da Mai Wayarin ya shigo da kwamfuta garejin, Babban Yaya ya sa mata suna talabijin, ya sa wa mai ita suna Likita, suka daina maganar aiki. Babban Yaya ba ya tambaya, don kada a ce ƙanensa ya koya masa. Mai Wayarin ba ya bayani, don ya gaji da a yi masa dariya. Mutane suna yaba irin wannan zaman, suna cewa zaman lafiya ne. Girman kai ne kawai na mutum biyu.

Mai Wayarin ya kwance dashbod, ya ciro akwatin ya buɗe. Cikinsa ya yi kore shar, yana warin ƙonewa.

"Ƙwaƙwalwar ta tafi," ya ce. "Ko wanda ya ƙera ta ba zai tashe ta ba."

Auta tana tsaye ta harɗe hannuwa. Mace ce da ta isa aurar da 'ya, amma a gaban yayyenta har yanzu Auta ce.

"Ƙaramin Yaya, hutun nan kaɗai gare ni. Mutumin nan mai sabuwar bas yana bin iyayen yarana gida-gida. Har alewa yake raba wa yaran. Ranar da aka koma makaranta, in ban tsaya a ƙofar gidajensu ba, shi zai tsaya."

"Kafin a koma za ki ji kukan motarki. Je ki gida."

Daga rumfa Babban Yaya ya ɗago kai daga cikin wani inji. "A da in mota ta ƙi tashi, ka duba mai, ka duba wuta, a tura. Yanzu wai ƙwaƙwalwa. Likita, ka yi mata allura mana."

Mai Wayarin ya ɗauki akwatin ya shige shagonsa.

Sabuwar ƙwaƙwalwa ta fi ƙarfinsu, sai ya shiga layin masu kayan gyara ya samo ta hannu, wadda aka ciro daga wata bas irin ta Auta da ta yi hatsari. Lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta tsohuwar. Ya ɗaura, ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba, wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ta ƙiftawa a dashbod. Bai damu ba, dama ya san za a yi haka. Ƙwaƙwalwar tana zaton har yanzu a tsohuwar motarta take. Ba ta san wannan makullin ba, ta ɗauki mai shi ɓarawo, ta hana mai. Sai an goge abin da ke kanta da kwamfuta, a rubuta mata sabo, a sa mata lambar shasin wannan motar, wato lambar da aka buga a jikin ƙarfenta, sannan a nuna mata makullan ɗaya bayan ɗaya.

Aikin yana da sharaɗi guda da ba a wasa da shi. Daga lokacin da aka fara rubutun har a gama, wutar batir ba za ta yi ƙasa ba ko na ƙiftawar ido. In ta yi, tsohon ya goge, sabon bai gama shiga ba, akwatin ya zama dutse. Mai Wayarin ya san wannan sarai. Wutar layi a unguwar tana zuwa tana ɗaukewa yadda ta ga dama, don haka bai yarda da caja ba. Ya cire tsohon batirin Auta, ya ɗaura wani babba sabo fil, ya gwada shi ya ga a cike yake. Ya bar bonet a buɗe, yadda yake barin na kowace mota da yake aiki a kanta.

Motar a tsakiyar fili take, cikin rana, hasken yana hana shi ganin fuskar kwamfutar. A rumfa akwai inuwa, amma sai ya roƙi Babban Yaya ya matsar da injinansa. Bai roƙa ba. Ya zauna a kujerar direba, ya jona waya a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya lulluɓe kansa da ita da wani tsohon bargo.

Mai Walda, maƙwabcinsu na jikin katanga, ya hango shi ya ɗaga murya. "Jama'a a yi shiru, Likita ya shiga tiyata!"

A cikin bargon zufa tana bin bayansa. Wani koren layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfutar, daga hagu zuwa dama. A waje ana dukan ƙarfe, janareta yana ruri, wani yana ta yi wa wata mota ki, wato murɗa makulli don inji ya tashi, irin hayaniyar da kunnensa ya daina ji tun shekaru. Layin ya kusa rabi, ya tsaya. Jan rubutu ya fito, wai magana ta yanke tsakanin kwamfuta da mota.

Ya sake kiranta, ba ta amsa ba. Ya kashe ya kunna, ya cire waya ya mayar. 'Yar fitilar makullin ma ta daina ƙiftawa, fankar lagireto ta tashi da kanta tana ta gudu ba wanda ya aike ta. Wannan alamar ya san ta. Ya fito, abu na farko da ya gwada batir ne. Lafiyarsa lau.

Ya saka akwatin a leda ya koma layin masu kayan gyara.

"Gawa ka sayar mini," ya ce, ko sallama bai gama ba.

Mai kayan gyaran yana zaune a ƙarƙashin fitilun mota da ya rataye. Bai tashi ba. "Gawa? Ba kai ka kira ni ka ce ta shiga daidai, fitila tana ƙiftawa ba? Gawa tana ƙifta ido? A hannunka ta cika, Malam."

"Shekarata nawa ina wannan aikin?"

"Ban ƙirga maka ba. Ni dai lafiyayya na ba ka."

"Ku dama haka kuke. Ku wanke abu da fetur ku goge shi ya yi sheƙi, ku ce daga mota mai tafiya aka ciro."

Suka yi ta yi har maƙwabta suka taru. Daga ƙarshe mutumin ya tashi ya shiga ciki, ya ɗauko wata ya dangwarar a kan tebur. "Ita ce ta ƙarshe a shagona, kuma ka zagaya layin nan kaf ba za ka sami irinta ba. In ta mutu, ka binne ta a garejinku. Kada ka kawo mini ta'aziyya."

Mai Wayarin ya fita yana huci. Ya kira mutum macuci a gaban jama'a ba shi da hujja ko ɗaya, kuma ko a jikinsa, don wanda abu ya ɓaci a hannunsa ya fi son a ce daga nesa ɓacin ya zo.

Duk da haka bai yi gaggawa da ta biyun ba. Ya kwana biyu yana bin motar waya-waya. Ya zare kowane fis ya duba shi a haske. Ya kwance wayar da take kama jikin mota, ya kankare tsatsar da sanfefa har ƙarfen ya yi fari. Ya leƙa soket ɗin ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya matse haƙoransa ɗaya-ɗaya da bakin allura. Ya jijjiga damin wayoyin da ke bayan dashbod ko akwai wadda ruwa ya ci ta ciki. Ya zargi wayarsa, ya haye gari ya aro ta wani abokin sana'a. Ya zargi kwamfutar, ya sauke manhajar ya sake ɗora ta. Duk abin da ya taɓa lafiya lau yake, kuma ba abin da ya fi wannan cin rai, ka nemi laifi ka rasa.

Hutu ya zo ƙarshe. Ranar da zai gwada ta biyun Auta ta zo da kanta, ta zauna a kan benci a bakin rumfa, jakarta a cinya. Ya shiga bargonsa. Wannan karon layin ya wuce rabi, ya wuce inda ya tsaya a baya, har ya fara sakin numfashi. Sai ya tsaya. Jan rubutun nan dai. Fankar lagireto ta tashi.

Ya yaye bargon ya yi jifa da shi har kujerar baya. Ya fito ya gwada batir, lafiya. Ya tsaya yana kallon injin, hannunsa a ƙugu.

"Yaya dai?" in ji Auta.

"Ta sake."

"Ta sake me?"

"Ta mutu, Auta! Wane yare kike so in yi miki?"

Babban Yaya ya zo wucewa yana goge hannu da tsumma. "Ni da za a ji tawa, a yaye duk wannan tarkacen a zubar, in sa mata kafireta irin ta motocin da. Kafin la'asar tana kan titi."

"Ba a sa wa irin wannan kafireta," in ji Mai Wayarin, bai dube shi ba.

"To, ku masu ilimi." Ya wuce.

Aka koma makaranta motar tana nan, dashbod a kwance, wayoyi a waje kamar hanji. Auta ta yi hayar wata ƙaramar mota tana cusa yaran tana yin sawu biyu, na sawun biyu suna makara ana tsayar da su a bakin get. Iyaye suka fara kira. A kan bencin nan take amsawa, tana juya baya don kada yayyenta su ji, amma ana ji.

"Wallahi, Maman 'Yan Biyu, wannan makon kawai... E, na sani... A'a, ba ki yi laifi ba, kowa yaransa yake dubawa... Tun suna aji ɗaya fa nake ɗaukarsu... To. To, shi ke nan. Ki gaishe su."

Ta kashe wayar ta jefa a jaka. Sannan ta tashi ta sami Mai Wayarin a shagonsa.

"Ƙaramin Yaya, in tambaye ka, kada ka ji haushi. Ka iya aikin nan kuwa? In ba ka iya ba ka faɗa mini, a ja ta a kai wani wuri. Ba abin kunya ba ne."

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya yi irin wannan aikin a motocin baƙi ba adadi, ya tashe su sun tafi, sai a motar ƙanwarsa ne abin ya zame masa haka.

"Na iya," ya ce.

"To me yake kashe su?"

"Ban sani ba."

"Ka iya, kuma ba ka sani ba." Ta juya ta fita.

Ƙwaƙwalwa ta ukun daga wani gari aka aiko ta, a cikin kwali, a motar kaya. Sai da ya yi ta kiran waya kafin a samo, kuma wanda ya samo ya ce masa ba ya jin akwai wata a kusa. Mai Wayarin ya ajiye kwalin a shago ya yi wuni guda bai buɗe ba. Yana tsoronta. Bai gano abin da ya kashe biyun farko ba, kuma ya san wanda bai gano dalili ba caca yake yi, ko da kwamfuta a cinyarsa. Amma jira ma ba zai gano masa komai ba, kuma kullum Auta tana rasa gida.

Washegari da hantsi ya ɗaura. Ya gwada batir. Ya yi bisimilla ya shiga bargo. Auta tana kan benci, ba ta yi masa magana ba tun zuwanta. Layin ya fara rarrafe.

A nan ya kamata a faɗi wata al'ada ta garejin, wadda kowa a wurin ya sani har ya daina ganinta. A filin nan batir ba shi da ubangida. In mota ta ƙi tashi, ba a neman izinin kowa. A duba motar da bonet ɗinta yake buɗe, a jawo wayoyin jan wuta, a maƙala, a yi ki, a cire, a wuce. Babban Yaya ne ya kafa wannan tun wurin yana fili da bishiya ɗaya, kuma yana alfahari da ita, yana cewa a garejinsa ba a rowar wuta. Mai Wayarin da kansa ya ja daga motocin yayansa ba sau ɗaya ba.

A gefen bas ɗin akwai wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, da Babban Yaya ya daɗe yana fama da injinta. Ba ta tashi sai an ba ta wuta mai ƙarfi. Ya taho yana jan wayoyinsa a ƙasa, ja da baƙa, ya tsaya a gaban bas ɗin, bonet ya kare shi daga kujerar direba.

Auta, don ta rage wa kanta baƙin ciki, ta ce, "Babban Yaya, kai dai ba ka gajiya da shan jinin motata. Ita ba ta tashi ba, amma kullum tana tayar da na wasu."

"Batirin ne mai kyau," in ji shi. "Duk filin nan babu kamarsa."

A cikin bargo maganar ta shiga kunnen Mai Wayarin. Sai da ta ɗan jima kafin ta isa inda za ta isa. Ya ɗaga kwamfutar a hankali, kamar mai ɗauke da jariri, ya ajiye ta a kujera ba tare da ya motsa wayar ba. Sannan ya diro.

Babban Yaya ya riga ya maƙala jar wayar, baƙar tana hannunsa. Mai Wayarin ya cafke wuyan hannun.

Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe hannun yayansa haka ba. Dukan ƙarfe ya tsaya a wajen Mai Walda.

"Sakar mini hannu," in ji Babban Yaya a hankali.

"Cire wayar nan, Yaya."

"Ka yi hauka ne?"

"Rannan da nake ciki, ka ja wuta a nan?"

"Na ja. Sai me?"

"Da wancan karon, na farko?"

"Ina ƙirgawa ne? Bonet a buɗe, batir a cike, mota a tsaye ba inda za ta. Yau aka fara?"

Mai Walda ya leƙo ta kan katanga. "Ai ni ma na ja sau ɗaya, na tayar da janaretana. Kai, batirin nan akwai ƙarfi, Allah Ya sa albarka."

Mai Wayarin ya saki hannun, ya cire jar wayar da kansa ya yar a ƙasa. Ya juyo kan yayansa. "Kai ka kashe su. Duka biyun. Ina ciki ina rubutu, kai kana nan kana yin ki. Wutar ta faɗi, ta dawo kafin in fito, in gwada in ga lafiya. Na zagi bawan Allah a kasuwa a banza. Na kwance motar nan kaf. Ashe kai ne a bayan bonet!"

"Ni na kashe? Na taɓa akwatinka? Ɗan ki ɗin da bai kai a sha ruwa ba?"

"Shi ne! Shi kaɗai ya isa!"

"To wa ya faɗa mini?" Babban Yaya ya ɗaga murya, abin da ba ya yi. "Ka taɓa buɗe baki ka ce, Yaya, kada a taɓa batirin nan? Ka shige bargo kamar mai zazzaɓi, kai da talabijin ɗinka. Ni boka ne?"

"In na faɗa dariya za ka yi!"

"Da na yi dariyar, kuma da ban taɓa ba!"

Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma ba ta wanke ko ɗayansu ba. Babba ya ga ƙanensa yana aiki a cikin mota, bai ga ya kamata ya ce ko uffan kafin ya taɓa ta ba. Ƙarami ya san rayuwar aikin tana kan batirin nan, ya san al'adar gidan, ya bar bonet a buɗe ya rufe bakinsa. Jimla ɗaya ce ta gagare su, su biyu, dattawa masu furfura.

Auta ta taso. Ba ta yi kuka ba. Ta ratsa tsakaninsu, ta tsaya a gaban motar ta juya wa batirin baya.

"Kun gama? Layin naka yana tafiya ko ya tsaya?"

Mai Wayarin ya ruga ya leƙa. "Yana tafiya."

"To shiga ka zauna. Kai kuma, Babban Yaya, ka yi haƙuri, ban taɓa yi maka rashin kunya ba. Kwashe wayoyinka. Duk wanda ya matso kusa da batirin nan yau, sai dai ya bi ta kaina."

Babban Yaya ya dube ta, ya dubi wayoyin. Ya sunkuya ya naɗe su a hannu ya koma rumfa.

Haka ta tsaya a rana, ba laima, jakarta a kafaɗa. Layin ya wuce rabi, ya wuce inda na biyun ya tsaya, ya kai ƙarshe. Mai Wayarin ya rubuta lambar shasi, yana duba kowane harafi a jikin ƙarfen ƙofa. Ya karɓi makullan biyu a hannunta ya nuna wa ƙwaƙwalwar ɗaya bayan ɗaya. 'Yar fitilar ta haska ta ɗauke. Ya murɗa. Inji ya kama tun a juyin farko, yana kuka sumul kamar ba abin da ya taɓa samunsa.

Ba wanda ya yi murna. Mai Walda ne kaɗai ya tafa sau biyu, ya ga ba a taya shi ba, ya koma aikinsa.

Da yamma aka mayar da dashbod, aka sa wa gilashin sabuwar roba. Auta ta zauna a kujerarta ta kira iyayen ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya taya ta murna. Kowa ya ce ai da ta kira tun makon jiya. Yaran sun saba da sabuwar bas, an riga an yi magana da mutumin har ƙarshen zango, ba daɗi a warware. Gidaje kaɗan ne suka jira ta, waɗanda ko kujerar baya ba za su cika ba.

Mai Wayarin yana tsaye a jikin taga. "Auta..."

"Bari, Ƙaramin Yaya. Ka je ka ba mai kayan gyaran nan haƙuri. Ni haƙurin da za ka ba ni ba ya cika mota."

Ya je kuwa, washegari. Mutumin ya saurare shi har ya gama, ya ce Allah Ya kyauta, bai ba shi kujera ba.

Babban Yaya kuwa bai nemi afuwar kowa ba. Bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba, kuma ba a shekarunsa zai fara ba. Amma ranar da Auta ta fito aiki da safe, ta tarar da shi a bakin titi da kayan aikinsa, riƙe da hannun jikokinsa biyu, an yi musu wanka an sa musu yunifom.

Ta tsaya ta sauke gilashi. "Lafiya, Babban Yaya?"

"Daga yau ke za ki riƙa kai su. Ni zan riƙa biya."

"Makarantarsu fa a bayan gidanka take. Daga ƙofarka ana jin ƙararrawa."

"Ki zagaya da su."

Ta dube shi. Shi kuma yana kallon tayar gaba kamar yana neman abin da zai gyara a jikinta. Ta miƙa hannu ta buɗe ƙofa. Yaran suka hau da gudu, suka rasa inda za su zauna saboda yawan wuri, kowanne ya kama taga.

"Tayar nan tana son iska," in ji Babban Yaya.

"Na ji."

Ta ja motar. A ƙofar gidan 'yan biyu ƙafarta ta taka birki da kanta, yadda ta saba shekara da shekaru. Get ɗin a rufe yake, sabuwar bas ta riga ta wuce. Ta ɗaga ƙafar, ta sa giya, ta ci gaba.